Marigayi Lourival Ya Biya Haraji

Yau na tashi da niyyar in zauna a gida in jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi, amma ƙarfe shida da rabi ta yi mini a ƙofar ofishin haraji, ko kofi ban sha ba, ina rungume da jakar takardun matar wani. Kada mai karatu ya fara zargina. Mijin ya shekara uku da rasuwa, kuma matata Creuza ce da bakinta ta tashe ni daga kan kujera. Cewa ta yi, "Genival, tashi ka raka Dona Zuleide. Kullum kana cika wa mutane kunne a jarida, yau je ka yi surutun a inda zai amfani wani."

Dona Zuleide (Dona kalmar girmamawa ce ga mace a wurinmu) maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin ta yi tana dafa wa yaran firamare wake da shinkafa kafin ta yi ritaya. Mijinta Lourival makanike ne a tashar jiragen ruwa, kuma shi ne uban baftismar ɗana, don haka kompadre muke kiran juna har ya bar duniya, ita kuma komadre nake ce mata.

Mun tarar layi ya zagaya kwana. Da aka buɗe ƙofa, mai gadi ya nuna mana na'urar da ke ba da lamba, ya ce tsofaffi su danna maɓallin alfarma, doka ta ce a fara da su. Na danna da ƙarfina, ina jin daɗin girman da ƙasa ta ba ni. Da na waiwaya na dubi zauren, sai na ga babu mai baƙin gashi ko ɗaya. Dukanmu 'yan alfarma ne, mu ɗari da wani abu, lambarmu tamanin da bakwai. Ashe kuma akwai alfarmar da ta fi alfarma, ta waɗanda suka haura shekara tamanin, shi ya sa duk wanda ya shigo yana dogara sanda sai a bi shi da harara. Wani dattijo a gefena ya ce saura wata bakwai ya cika tamanin, kuma a yadda layin yake tafiya yana sa ran a nan zai cika su.

Tunda zaman zai yi tsawo, bari in gaya muku abin da ya kawo mu.

Kowa a garin nan ya san makabartar gwamnati ba ta ba talaka ƙasa, aro take ba shi. Shekara uku kana kwance, sai a aiko wa iyalinka takarda cewa akwai mai jiran wurin. Wanda yake da hali ya sayi ɗan gurbi a jikin bango, a sa ƙasusuwan a akwati, a manna allo mai suna, iyali su sami inda za su kai fure da kyandir ranar tunawa da matattu. Wanda ba shi da hali, a ɗaure nasa a buhu, a rataya masa lamba, a kai babban ɗakin kowa da kowa, inda ba a barin dangi su shiga. Zuleide da Lourival ba su haihu ba. Idan sunansa bai hau bangon nan ba, babu sauran inda zai hau. Shi ya sa tun satin da aka binne shi take yin kek ɗin rogo tana sayarwa a ƙofar coci duk Lahadi, tana tara kuɗin a gwangwanin madara.

Takarda ta zo, ta ce yau Juma'a ƙarfe uku za a tono shi. Sati biyu da suka wuce Zuleide ta ɗauki gwangwaninta ta tafi ofishin makabarta, kuɗin ya cika cif. Malamin ofis ya tambayi lambar harajinta, wannan lambar da ko maganin ciwon kai za ka saya sai an tambaye ka. Ya danna, allon na'ura ya yi ja. Ya ce ba ya iya sayar mata da gurbi sai ta wanke lambarta.

Ta dawo unguwa kamar an zare mata laka, muka kai ta wurin Seu Aderbal, wato Malam Aderbal a yarenmu. Shi tsohon akawun wani kantin katako ne, duk lokacin cike takardar haraji sai ya kafa tebur da tsohuwar kwamfutarsa a bayan shagon burodi, ya zama likitan unguwa. Ya gyara tabarau, ya duba takardunta, ya yi ɗan fito.

"Dona Zuleide, ashe ke mai kuɗi ce kika ɓoye mana."

"Ni? Seu Aderbal, me ka sha da safen nan?"

"Ba ni na faɗa ba, lissafi ne. Fansho nawa kike karɓa?"

"Nawa na makaranta, sai wanda ake ba ni na marigayi."

"To shi ke nan, biyu. Kin taɓa cike takardar shekara?"

"Ta me? Duba nan." Ta zaro takardun wata-wata ta baje masa. "Wannan ta jiha ce, ta ce haraji sifili. Wannan ta tarayya ce, ita ma ta ce sifili. Gwamnati da hannunta ta rubuta sifili sau biyu, ni wace ce da zan yi mata gardama?"

Aderbal ya yi mata bayani a hankali, ni ma a nan na koya. Ofishin da ke biyan fanshonta nata kaɗai yake gani, bai kai layin haraji ba, sai ya ƙyale. Ofishin da ke biyan na Lourival shi ma nasa kaɗai yake gani, sai ya ƙyale. Amma akwai ofis na uku da ba ya biyan kowa komai, aikinsa haɗawa ne sau ɗaya a shekara. Idan ya ɗora na mijin a kan na matar, sai tsohuwar mai dafa wake ta tsallaka layi ta shiga sahun masu biya. Shekara uku ba ta cike takarda ba, ga haraji, ga tara, ga ruwan da ya hau.

Zuleide ta ce, "Lokacin da yake raye, da nawa da nasa suna shiga tukunya ɗaya, ba wanda ya ce uffan."

"Lokacin ku biyu ne, Dona. Yanzu ke kaɗai ce."

"Wato don ya mutu na yi arziki?"

Aderbal ya cire tabarau ya goge. Can ya rage murya ya ce, "Kuma maganar kek ɗin nan, ki rufa wa kanki asiri, kada ki ambace shi a gaban duk wani mai rataye da katin aiki a wuya."

Ni dai na yi shekara talatin da huɗu ina tuƙa bas a garin nan. Duk ƙarshen wata a yanki wani abu daga albashina tun kafin in gan shi, a ce ana ajiye mini ne don tsufa. Tsufan ya zo, ya zo da ciwon baya da hawan jini, aka fara maido mini da ajiyata cokali-cokali, sai aka raɗa mata sabon suna, wai kuɗin shiga. Shiga ina? Kuɗin da ya fita daga aljihuna tun ina da gashi a ka. Amma ni wa, direba ne kawai, ban yi karatun da zan gane yadda mutum yake cin riba daga kuɗinsa da aka dawo masa da su a makare ba.

Kada a ce ban iya yabo ba. Ina zaune a zauren nan na yi ta sa wa Mai Girma Sarkin Lissafi, shugaban masu karɓar haraji, albarka, Allah ya ƙara masa na'ura. Gwamnatin da ta yi shekara biyu ba ta gano ramin da ke bakin layinmu ba, ramin da ya haɗiye babur ɗin mai kawo gas, ita ce ta gano tsohuwa ɗaya a cikin miliyoyin mutane, ta san ranar da mijinta ya mutu da abin da ya bari. Wannan ai basira ce. Ga ginin kansa, gilashi daga sama har ƙasa, da maɓuɓɓugar ruwa ta ado a tsakar gida wadda tun ranar da aka yanke ƙyalle ba ta sake fitar da ɗigo ba. Tagogin aiki goma sha biyu na ƙirga, uku ne ke da mutum.

Ina kuma jinjina wa Masu Alfarma Iyayen Ƙasa, waɗanda Allah ya ba hikimar raɗa suna. Su abin da yake shiga aljihunsu ba kuɗin shiga ba ne. Sunansa taimakon gida, taimakon mota, taimakon kwat, taimakon abincin rana, kuma ina jin an ce taimako ba ya biyan haraji, don ba kyau a matsa wa mabuƙaci. Su ne duk shekarar zaɓe suke zuwa kasuwarmu su ci kuskus, dambunmu na masara, da ƙwai a tsaye, su rungumi tsofaffin mata, mai hoto yana biye da su. Wani cikinsu ya taɓa rungumar Zuleide har ya yamutsa mata riga, ya rantse cewa tsoho ya gama wahala a ƙasar nan. Ta zaɓe shi, ta sa ni ma na zaɓe shi.

Unguwa ta yi abin da za ta iya. Creuza ta bi gida-gida da kwano, ni ma na saka abin da ba zan faɗa ba don kunya. Amma layinmu layin 'yan fansho ne, kuma wata ya yi nisa. Abin da aka samu bai wuce kuɗin fure ba.

Sha ɗaya da kwata aka kira tamanin da bakwai. Wata yarinya ce a tagar, sa'ar jikata, mai fara'a. Na kira ta Dakta, don a ƙasar nan duk wanda ke bayan gilashi Dakta ne. Ta duba takardun da Aderbal ya cike ta ce komai ya yi daidai. Za a iya raba bashin kashi-kashi, amma sai an biya tara da kashin farko yau kafin lambar ta wanku.

Zuleide ta ce, "'Yata, ƙarfe uku za a tono mijina. Kuɗin nan na bangonsa ne."

"Na gane, Dona, Allah ya ba ki haƙuri. Amma ba ni da maɓallin da zan danna."

"To ku riƙe fanshonsa na wata shida, ku biya kanku. Ai a hannunku yake."

"Ba a hannunmu yake ba, wani ofis ne daban."

"Amma kun san nawa ne."

"Mun sani."

A nan na ga lokacina ya yi. Na gyara murya na fara jawabin da nake ta shiryawa tun muna kan layi. Na kawo shekara talatin na wake da shinkafa, na kawo yaran da ta ciyar, na ce wataƙila har da ita Daktar a cikinsu. Ina shirin shiga maganar maɓuɓɓugar ruwa ke nan mai gadi ya dafa kafaɗata, ya nuna mini wata takarda a bango da ta ce cin mutuncin ma'aikaci laifi ne mai kai mutum kurkuku. Ya ce, "Baba, zauna ka huta, jininka zai hau." Na zauna. Duk zafin bakin da kuke karantawa a shafin nan bai wuce minti ɗaya da rabi ba a gaban mai gadi, kuma na ji kunya.

Zuleide ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takardar biya, muka tsallaka titi zuwa banki, ta buɗe gwangwanin a gaban mai karɓar kuɗi. Takardun kuɗin ƙanana ne, na cinikin ƙofar coci, duk sun sha mai. Mutumin ya ɗauki lokaci yana jerawa, mutanen bayanmu suna tsaki. Da ya gama, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gurbin ba.

Na ce, "Komadre, da kin bari mun sake tunani."

"Tunanin me, Genival? In ban biya ba, ba za su sayar mini ba. Na biya, ba ni da abin saye. Mu je dai, kada ya fito bai ga kowa ba."

Biyu da rabi muna ofishin makabarta. Malamin ya danna lambarta, ya yi murmushi har kunne, ya ce barka, ta wanku, yanzu ba abin da zai hana ta sayen gurbi. Ta tura masa gwangwanin. Ya leƙa, murmushin ya tafi. Na tambaye shi ko su ma suna raba biya kashi-kashi kamar ofishin haraji, ya ce a'a, bango kuɗi hannu ne. Na ce to a ƙara wa marigayin wata uku a inda yake. Ya ce an riga an ba da wurin, gobe da safe mai shi zai iso.

Muka fito. Mai haƙar kabarin, wani siririn dattijo da ake kira Seu Valdomiro, yana jingine da shebur, ashe duk ya ji. Ya tofar da tsinken da ke bakinsa ya ce, "Dona, mutumin naki ɗan ina ne?"

"Can cikin ƙauye, tafiyar yini guda a mota."

"Akwai makabarta a can?"

"Akwai, iyayensa ma suna ciki."

"To koma ki ce a ba ki takardar ɗaukar ƙashi, ki rubuta can za ki kai shi."

"Ba ni da kuɗin kai shi, Seu Valdomiro. Can ɗin ma sai an biya."

"Takardar inda za shi take tambaya, Dona. Shekara ashirin ina nan, ban taɓa ganin ta tambayi ranar da zai isa ba."

Haka aka yi. Da ragowar kuɗin ta sayi akwatin roba mai murfi a shagon da ke ƙofar makabarta, ta biya kuɗin hatimi. Valdomiro ya yi aikinsa a natse, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da tsumma. Kwat ɗin da aka binne kompadre da shi ya narke, amma rigar ƙungiyar ƙwallonsa da Zuleide ta sa masa a ciki a ɓoye tana nan garau, don leda ce. Ta durƙusa ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce, "Lourival, ka rame." Valdomiro ya yi dariya, ita ma ta yi, ni kuwa na juya baya na yi kuka kamar yaro. Lourival ɗin nan ya taɓa ɗaukata a bayansa zuwa asibiti, yau ga shi bai fi nauyin buhun garin rogo na kilo biyar ba.

Ni na riƙe shi a cinya a cikin bas. Kwandasta ya zo ya dubi akwatin ya ce, "Baba, kai dai shekarunka sun wuce na biyan kuɗin mota, amma kaya mai cin wuri ana biya masa."

Zuleide ta ce, "Ba kaya ba ne, dattijo ne, ya haura sittin da biyar."

Ya ɗaga murfin kaɗan, ya mayar da sauri, ya yi alamar gicciye, bai sake zuwa ɓangarenmu ba har muka sauka.

A gida Creuza ta riga ta dafa kofi. Muka yi shawarar inda za a ajiye shi. Falo ba zai yiwu ba saboda baƙi, kicin kuma akwai zafin murhu. A ƙarshe na hau kujera na ɗora shi a kan kabad ɗin ɗakin Zuleide, tsakanin akwatin tafiya da tsohuwar fanka. Zuleide ta ce in dakata kada in sauko, tana so ta manna rasit ɗin bankin a jikin akwatin, tunda da kuɗin bangonsa aka biya, ya ga inda suka tafi. Ta sa tabarau ta karanta shi daga sama har ƙasa, ta juya bayansa, ta sake karantawa.

"Genival, babu sunansa."

"Ai a lambarki aka biya, komadre."

"Fanshonsa ne ya jawo, kuɗin kabarinsa aka karɓa, kuma ko a nan ba su rubuta shi ba?"

Ta miƙo hannu na sauko mata da akwatin, ta ɗauki biro ta rubuta a murfin da manyan baƙaƙe, Lourival Bezerra dos Anjos, makanike. Robar tana da santsi, biron yana ƙin kamawa, sai da ta bi kowane harafi sau uku. Ta ce idan Allah ya kai mu shekara uku masu zuwa kek zai sake cika gwangwani, in dai kashin bashin da ya rage ya bar mata wani abu.

Saboda haka, ranka ya daɗe Mai Girma Sarkin Lissafi, idan na'urarka ta nemi Lourival baɗi ta tarar kabarinsa da wani a ciki, kada hankalinka ya tashi, bai gudu ba. Yana gida mai lamba goma sha huɗu a layinmu, a kan kabad. In za ka zo ka zo da kyandir ɗinka, namu ya yi tsada.